Mai son saurin ƙwarewa a Call of Duty ya fara da ajiye waya da dare

Idan a gidanku akwai saurayi mai babbar waya, ko budurwa ma, don yanzu su ma sun shigo, da wuya a ce ba ku taɓa jin ƙarar harbi tana fitowa daga ɗaki ba, ana ta ihun "ga shi nan ta bayanka!" alhali mutum ɗaya ne a ciki. Galibi wasan Call of Duty: Mobile ne. Kamfanin Activision na Amurka ya sake shi ranar 1 ga Oktoba, 2019, bayan sashen TiMi na kamfanin Tencent da ke China ya ƙera shi, kuma a makon farko kaɗai an sauke shi sau miliyan 100. Kyauta ake sauke shi, waya mai matsakaicin ƙarfi tana iya ɗaukarsa, shi ya sa ya samu wurin zama a ɗakunan samari da ɗakunan kwanan ɗalibai daga Kano har Maraɗi.

Da kai nake magana a yau, mai wasan. Amma Mama da Baba kada ku wuce, ku tsaya kusa, don akwai naku a gaba, kuma za ku fi gane shi idan kun ji na farkon.

Tambayar da ta fi yawo a tsakanin masu wasan ita ce yadda mutum zai hau da sauri. Amsar da suke ba juna kuwa ɗaya ce: a daɗe a kai. A jira gida ya yi tsit, a sayi datar dare mai arha, a kwana ana harbi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, aikin dare ya nuna mini yadda ido da hannu ke komawa da ƙarfe huɗu na asuba, saboda haka ina da ja a kan wannan amsa. Ko an ajiye maganar lafiya gefe, an auna da ma'aunin wasan kansa, doguwar hanya ce.

Hawa iri biyu ne

Akwai hawan lamba, akwai hawan hannu, kuma yawancin masu wasa suna haɗa su wuri ɗaya. Hawan lamba shi ne wanda kake gani a allo: makin gogewa da wasan ke rubutawa XP, matakin ɗan wasa, da matakin kowace bindiga. Tun watan Agustan 2020 da aka kawo sashen Gunsmith, wato maƙerar bindiga, kowane makami yana da nasa matakin, kuma da hawansa ne kayan haɗinsa ke buɗewa. Akwai guraben haɗi har tara, irin su baki, bututu, madubin saiti, gindi, mariƙi da gidan harsashi, amma biyar kawai za ka iya ɗorawa a lokaci guda.

Wannan hawan yana da dabara, kuma ba ta da wuya. Ka zaɓi bindiga ɗaya ka zauna mata. M4 da ake ba kowa tun farko ta isa, don ba ta tsalle sosai idan ana harbi. Wanda yake canza bindiga duk wasa yana raba makinsa ne gida goma, sai ya ƙare mako guda ba wadda ta buɗe masa abin kirki. Kada kuma ka biye wa masu cewa wannan ce bindigar zamani, domin kamfanin yana taɓa ƙarfin makamai kusan kowane zango, wadda ake yabo yau ana iya rage mata gobe.

Sai fage. Makin bindiga yana zuwa ne daga amfani da ita, saboda haka fagen da ake yawan haɗuwa ya fi biya. Shipment, wanda ya samo asali daga Call of Duty 4 na 2007, ɗan fili ne na kwantenoni da za ka keta cikin 'yan daƙiƙoƙi. Nuketown, daga Black Ops na 2010, gidaje biyu ne suna kallon juna. Rust ma haka yake, ƙarami. Minti goma a irin waɗannan wurare sun fi rabin sa'a a babban tsibirin da mutum 100 ke sauka da lema, inda za ka iya yin tafiyar minti bakwai ba ka ga kowa ba. A cikin nau'o'in wasa kuma, Hardpoint da Domination sun fi dacewa, domin idan an kayar da kai za ka dawo nan take, kuma kowa wuri ɗaya yake nufa, ba sai ka je neman abokin karo ba. Search and Destroy yana da daɗi, amma idan ka faɗi sai zagaye ya ƙare, zaman kallo za ka yi.

Katunan makin bindiga da ake samu a ayyukan yau da kullum, ka zuba su duka a kan wannan bindiga ɗaya. Katin ninki kuma kada ka kunna shi sai ka san za ka zauna. Ka lura da abu ɗaya a nan: ayyukan nan kullum suke sabuntawa. Wanda ya yi minti arba'in kowace rana yana kwasar ladan kwana bakwai a mako, wanda ya tara sa'a biyar a daren Asabar ladan rana ɗaya ya kwasa. Ba don tausayinka suka tsara haka ba, so suke ka riƙa dawowa kullum, amma tunda haka tsarin yake, ka ci moriyarsa.

Shi ke nan maganar lamba. Matsalarta ita ce tana hawa ko ka iya ko ba ka iya ba.

A wasanninka na farko yawancin abokan karawarka ba mutane ba ne, kwamfuta ce ke motsa su, shi ya sa suke tsayawa a fili kamar an dasa su. Za ka kayar da ashirin ka ji kanka ya yi girma. Ranar da ka shiga wasan matsayi, inda ake hawa daga Rookie zuwa Veteran, Elite, Pro, Master, Grand Master har Legendary, a nan za a gane. A can idan ka yi nasara a ƙara maka maki, idan ka sha kashi a cire. Mutum zai iya kwana yana wasa gari ya waye yana ƙasa da inda ya fara. Da yawa daga masu kukan sun maƙale a Pro ko Master, abin da ke faruwa da su ke nan: su tara da yamma, su zubar da tsakar dare.

Abin da hannu ke buƙata

Kafin atisaye, gyara kayan aiki. Wasan yana da hanyar harbi biyu. A ta farko, wadda aka sa wa suna Simple, bindiga na tashi da kanta da zarar alamar saiti ta hau abokin gaba. A ta biyu, Advanced, kai ne mai danna maɓalli. Ta farkon tana da daɗi ga sabon shiga, amma tana hana ka harbi ta kusurwa kafin mutum ya fito, tana kuma tona maka asiri a lokacin da ka so ka laɓe. Ka koma ta biyun da wuri. Kwana uku na farko za ka ji kamar an ɗaure maka hannu, daga nan ya wuce.

Da manyan yatsu biyu, ɗaya na tafiya, ɗaya na juya kallo, wa zai yi harbi? Dole ɗaya ya bar aikinsa. Shi ya sa ƙwararru ke matsar da maɓallin harbi zuwa saman allo ta hagu, su sa yatsa manuni a kai. Yatsa uku ke nan, kuma ga yawancin mutane sun wadatar. Masu huɗu da biyar suna nan, amma a ƙaramar waya wahalar ta fi ribar, kuma a matsayina na mai ganin hannayen mutane, ba na son yadda wannan riƙo ke lanƙwasa wuyan hannu. Akwai kuma jairo, wato juya saiti ta hanyar karkata wayar kanta. Yana taimakawa wajen danne tsallen bindiga, sai dai ba ya yiwuwa a kwance cikin bargo, wanda a wurina ƙarin alheri ne.

Maganar saurin juyawar kallo ita ce inda aka fi ɓata lokaci. Za ka ga yaro ya kwafo lambobin wani shahararren ɗan wasa daga YouTube, wanda da babban allo yake wasa, gobe ya kwafo na wani. Hannu ba zai taɓa haddace nisan da zai ja ba idan kullum ana canza masa ma'auni. Ka shiga filin atisaye, ka sami saurin da za ka iya bin mai gudu da shi ba tare da ka wuce shi ba, ka bar shi haka mako biyu cur kafin ka sake taɓawa.

Kyan hoto kuma ka sauke shi ƙasa, ka ɗaga yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa. Lissafin a fili yake. Idan hoto 30 ke wucewa a daƙiƙa, tsakanin ɗaya da na gaba kashi 33 ne cikin dubu na daƙiƙa. Idan 60 ne, kusan 17. Mutum lafiyayye yana ɗaukar kimanin rubu'in daƙiƙa kafin hannunsa ya amsa abin da ido ya gani, don haka duk ɗan abin da ka rage yana da tasiri. Ga kuma zafin ƙasarmu. Waya idan ta yi zafi tana rage wa kanta gudu don kada ta lalace, kuma a watan Afrilu, ana caji ana wasa, ba ta daɗewa ba ta kai nan ba. Cire robar bayanta, zauna gaban fanka idan akwai wuta, kada ka yi wasa tana jone da caja.

To, ga atisayen kansa. Abin da ya fi raba gwani da ɗan koyo shi ne inda alamar saiti take kafin abokin gaba ya bayyana. Ɗan koyo yana tafiya tana kallon ƙasa, sai ya ga mutum sannan ya fara ɗagawa. Gwani yana tafiya tana daidai ƙirjin wanda bai fito ba tukuna, a bakin ƙofa, a kusurwar kwantena, a tagar bene. Idan mutum ya fito, dannawa kawai ta rage. Na biyu, ƙaramar taswirar da ke saman allo: duk wanda ya yi harbi ba tare da abin kashe ƙara ba yana bayyana a kanta da jan ɗigo, kuma inda abokanka suka taru yana gaya maka ta inda abokan gaba za su ɓullo. Na uku, ɗan hoton da ake nuna maka bayan an kayar da kai, daga idon wanda ya harbe ka. Kusan kowa tsallake shi yake yi cikin fushi. Malami ne na kyauta. Ka kalla, ka tambayi kanka: a fili na tsaya? Ina canza harsashi ne a tsakiyar hanya? Wannan lungun na sake bi karo na uku?

Ka ɗauki aibi ɗaya a rana. Yau ba zan canza harsashi ba sai na sami mafaka. Gobe alamar saiti ba za ta sauka ƙasa ba. Minti goma a filin atisaye, wasa uku ko huɗu da wannan niyya ɗaya, sai ka tashi. Idan ka sha kashi sau biyu a jere a wasan matsayi ma ka tashi, domin na ukun fushi ne zai buga shi.

Haka muke koyon sa kanula a jijiya. Ba wanda ake ba marasa lafiya hamsin a dare ɗaya a ce ya ƙware. Kaɗan-kaɗan ne, babbar nas na tsaye tana cewa kusurwar allurarki ta yi tsayi, ki kwantar da ita. Gobe a gyara wani abin. Bayan watanni sai ki ga yatsanki na gano jijiyar da ido bai gani ba.

Kuma ba ra'ayina ba ne kawai. A 1978 masu bincike biyu a Ingila, Alan Baddeley da abokin aikinsa Longman, sun wallafa sakamakon koya wa ma'aikatan gidan waya buga na'urar rubutu. An raba su rukuni-rukuni, daga masu sa'a ɗaya a rana zuwa masu sa'a huɗu. Masu sa'a ɗayan ne suka fi cin ribar kowace sa'a da suka kashe, masu huɗun suka zo ƙarshe. Abin dariyar shi ne masu sa'a ɗayan ne suka fi ƙorafi, don nasu kwanakin sun fi yawa. Gaskiya ne, a kalanda sun fi daɗewa. Amma kai da kake da makaranta ko shago, da data mai iyaka, sa'o'in ne jarinka, su ya kamata ka ƙirga.

Sai babban dalilin da ya sa na zaɓi wannan kanu. A 2002 Matthew Walker da abokan aikinsa a jami'ar Harvard sun sa mutane su riƙa danna jerin lambobi biyar da hannun da ba su saba aiki da shi ba, da iyakar saurinsu. Waɗanda aka sake gwadawa bayan sa'a 12 a farke ba su ƙaru da abin a zo a gani ba. Waɗanda suka yi barcin dare a tsakani kuwa saurinsu ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, ba tare da ƙarin kuskure ba, kuma ba tare da ƙarin atisaye ko na minti ɗaya ba. Binciken ya alaƙanta ƙaruwar da irin barcin da ya fi yawa a ƙarshen dare. Ma'ana, abin da yatsunka suka koya da yamma, a cikin barci ƙwaƙwalwa ke ɗinke shi. Wanda ya kwanta ƙarfe uku ya tashi sallar asuba, daga nan ya shirya makaranta, ya yanke daidai wannan ɓangaren.

Ga ɗaya gefen. Wani bincike da Williamson da Feyer suka wallafa a 2000 ya nuna cewa bayan sa'a 17 zuwa 19 ba barci, aikin mutum a gwaje-gwajen saurin amsawa yana yin daidai da na wanda giya ta fara taɓawa, ko ma ya fi muni, kuma a wasu gwaje-gwajen saurin ya ragu har da rabi. Yi lissafi da kanka. Idan ka tashi biyar da rabi na asuba, sa'a 17 ta cika goma da rabi na dare. Duk wasan matsayin da ka shiga bayan sha biyu, da hannun aro ka shige shi, kuma wanda kake karawa da shi mai yiwuwa ya yi barcinsa ya ƙoshi. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar sa'a 8 zuwa 10. Datar dare ka bar ta ta yi aikin da ya dace da ita, wato sauke sabuntawar wasan, wadda ita ce ke cinye data da gaske. Ka kunna, ka ajiye wayar, ka kwanta.

Masu sayar da gajeriyar hanya

Duk inda ake son sauri akwai mai jiran ya ci kuɗi. Na farko shi ne kamfanin da kansa. Ana sayen kuɗin wasan, CP, da kuɗin gaske, a shiga wani juyi mai kaya goma. Kowane juyi ya fi na baya tsada, kuma bindigar da aka yi tallan, mai walƙiya da wuta, ita ce mafi ƙarancin damar fitowa da wuri. Yaro zai fara da ɗan kuɗi kaɗan yana cewa bari in gwada sa'a, sai ya ga ya zuba da yawa ba zai iya tsayawa ba. Ni dai ban san sunan da zan kira wannan ba in ba ɗan'uwan caca ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke irin wannan hukunci a 2018 kan akwatunan sa'a da ake saya a wasannin bidiyo, kuma da aka saki wasan nan a 2019 ba a kai shi Beljiyam ba. Abin da za ka samu ado ne. Wasu na da madubin saiti mai ɗan tsabta, amma harsashin bai ƙara ƙarfi ba. Hatta fentin zinare da ake samu kyauta bayan dogon aiki da bindiga, fenti ne.

Na biyu su ne masu cewa ka ba su akawun ɗinka su hau maka zuwa Legendary, ko su zuba maka CP mai arha. Ka tuna da abin da ka yi rajista. Idan da Facebook ne, kalmar sirrin Facebook ɗinka ka miƙa, da hotunanka, da saƙonninka, da sunayen 'yan'uwanka mata, kuma gobe da sunanka za a roƙi kawunka kuɗi. Ko da mai gaskiya ka samu ya hau maka, ya ajiye ka ne a cikin mutanen da suka fi ƙarfinka, za ka yi ta gangarowa. Na uku, manhajojin maguɗi masu nuna mutum ta bayan bango. Ƙarshensu rufe akawun, da duk abin da ka tara a ciki, ban da abin da suke shigowa da shi cikin wayar da kake ajiye manhajar banki.

Jikin da ke riƙe da wayar

Ciwon da na fi so ka sani shi ne na gindin babban yatsa, a gefen wuyan hannu. Jijiyoyi biyu ne ke wucewa ta wani ƙunƙuntaccen kube a wurin, idan aka yi ta maimaita motsi ɗaya sai wurin ya kumbura. Wani likitan tiyata ɗan Suwizalan, Fritz de Quervain, ya bayyana shi a 1895, kuma masu jego da ke yawan ɗaga jariri sun san shi sarai. Ka naɗe babban yatsanka a cikin dunƙulen hannu, ka karkata hannun a hankali ta wajen ƙaramin yatsa. Ɗan ja ba komai ba ne, amma idan ka ji zafi mai tsini, ka huta da wasan na kwanaki, ka ɗora ƙanƙara a cikin tsumma. Idan ya wuce mako biyu, ko yatsu suna mutuwa da dare, ka je asibiti. Kada ka sayi maganin kashe ciwo a kemis don ka ci gaba da wasa a kan kumburin.

Ido kuma, mai kallon allo yana rage ƙiftawa ba tare da ya sani ba, sai ido ya bushe, ya yi ja, musamman da hunturu. Duk minti 20 ka kalli abu mai nisan kamar mita shida na daƙiƙa 20. Tazarar da ke tsakanin wasa da wasa ta isa. Abin sauraro na kunne yana da amfani ƙwarai, da shi kake jin takun mai zuwa ta bayanka, amma ka tsayar da ƙarar ƙasa da kashi 60 cikin 100. Idan ka cire ka ji kunne na ƙara shi kaɗai, ka wuce gona da iri, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Mama da Baba, ga naku

Abu na farko da ke haddasa rigima a gida shi ne rashin sanin cewa ba a iya dakatar da wasan. Da mutane tara yake wasa kai tsaye, huɗu nasa, biyar na gaba, kuma idan ya fita a tsakiyar wasan matsayi ana cire masa maki, abokansa kuma su zage shi. Wasa ɗaya kimanin minti goma ne, na babban tsibirin yana iya kai wa ashirin ko fiye. Maimakon "ajiye yanzun nan", ki ce "wannan ne na ƙarshe, kada ka shiga wani". Shi kuma nasa alhakin shi ne kada ya fara sabo idan an kusa kiran salla ko an ɗora abinci. Lokutan salla ba ɓoyayyu ba ne.

Na biyu, shekaru. A Amurka alamar 'yan 17 zuwa sama aka sa wa wasan nan. Harbin mutane ne, ko da na hoto ne, kuma a yankin da ƙarar bindiga ta gaske ta raba mutane da garuruwansu, na fahimci uban da ya ce ba a gidansa ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta ce a 2020 babu isasshiyar hujjar da ta danganta irin waɗannan wasanni da aikata ta'asa, amma akwai 'yar alaƙa da saurin fushi irin na tsawa da ture-ture. A ra'ayina ɗan firamare da ɗan ƙaramar sakandare ba wurinsu ba ne, su yi ƙwallo. Abin da ya fi damuna ma shi ne makirufo: baƙi ne daga ko'ina suke magana a kunnen yaronki, da ashar da komai. Ana iya kashe shi, ko a taƙaita shi ga abokai. Katin banki kuma kada ya zauna a maƙale da wayar.

Na uku, wurin kwanan waya. Idan za ku yi doka ɗaya tak, ta zama cewa da ƙarfe goma waya tana falo a kan caja. Yanzu kuna da hujjar da za ta shige shi fiye da faɗa: makinsa ne zai fi hawa.

Yawancin yaran da ke son wasan nan lafiyarsu ƙalau, kuma ba daidai ba ne a riƙa jifansu da kalmar jaraba don sun yi sa'a ɗaya da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da larurar wasan bidiyo a cikin kundin cututtukanta a watan Mayun 2019, kundin ya fara aiki a Janairun 2022, kuma sharuɗɗan masu tsauri ne. Mutum ya kasa sarrafa lokacin farawa da dainawa, wasan ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, har abin ya taɓa karatu ko aiki ko zaman gida sosai, galibi na tsawon wata 12. Idan yaro ya daina wanka da cin abinci da mutane, sakamakonsa ya zube zango biyu a jere, kuɗi sun fara ɓata a gida, ko yana fasa kaya idan an karɓi waya, kada a tsaya ga duka da kwace. Sau da yawa akwai damuwa ko wani ƙunci a ƙarƙashi, wasan mafaka ce kawai. Ku fara da likitan asibitin da ke kusa. Asibitocin koyarwa suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato. Kafin ku je, ku rubuta a takarda lokacin da yake kwanciya da lokacin da yake tashi na tsawon mako biyu, da sa'o'in da yake yi a kan wasan, ku tafi wa likita da ita.